Ma'anar "Begen Zamanin Da" da Dalilin da Ya Sa "Da" Take Tafiya

Da wuya a yi zaman majalisa a ƙofar gida a cikin birnin Zariya, ko hirar teburin mai shayi a Tudun Wada, har a watse ba a ji wani ya ce "ai a da ba haka ake yi ba." Wannan hali na waiwayen shekarun baya da shauƙi, tare da jin cewa rayuwa ta fi daɗi da albarka a wancan lokaci, shi ake kira begen zamanin da. Hausawa sun daɗe da lura da shi, shi ya sa suka ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, wato dai mai waiwayen yana ba da labarin halin da yake ciki yau ne ko da bai ambace shi ba.

Akwai bambanci tsakanin tunawa da kewa da bege, ko da yake a maganar yau da kullum ana cakuɗa su. Mutum yana iya tuna abin da bai ji daɗinsa ba, kamar ranar da ya faɗi jarrabawa. Kewa kuwa jin rashin abin da aka saba da shi ne, kuma sau da yawa ana sa ran sake haɗuwa, kamar ɗalibin da ya zo Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take a Zariya, daga Sakkwato yana kewar gida kafin a yi hutu. Bege ya fi su nauyi, domin yana haɗe da ƙauna da yabo, kamar yadda ake cewa begen Annabi, kuma idan aka jingina shi ga zamani yana nufin son abin da ba a komawa gare shi ko da kuɗin mota a hannu. Turawa suna kiran wannan hali nostaljiya, kalmar da wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ya ƙirƙira a birnin Basel a 1688 daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya komawa gida, ɗaya raɗaɗi. A lokacin ana ɗaukarsa ciwo ne da ke kama waɗanda suka yi nisa da garinsu, musamman sojojin haya 'yan Suwizalan, kuma sai daga baya ma'anar ta tashi daga begen wuri ta koma begen lokaci.

Abin da ya fi jan hankali a cikin wannan magana shi ne "da" ba ta da shekara tsayayya. Idan aka ce Jami'ar Ahmadu Bello an buɗe ta a 1962, ko jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, kowa ya san inda zai sa yatsa a kalanda. Amma idan dattijo mai shekara tamanin da magidanci mai shekara arba'in da matashi mai shekara ashirin da biyar suka ce "zamanin da" a tabarma ɗaya, zamani uku daban suke nufi, kuma sau da yawa zamanin da ɗaya yake yabo shi ne wanda na gaba da shi ya yi wa tofin Allah tsine.

A ɗauki shekarun 1970 a matsayin misali. Dattawan Zariya na wancan lokaci, waɗanda suka yi ƙuruciya a zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru da ya rasu a 1959, zamanin da a wurinsu shi ne na fam da sule da sisi da taro da anini, lokacin da ƙaramin jirgin ƙasa yake tashi daga Zariya zuwa Jos kafin a rufe layin a 1957, kuma lokacin da maganar mai unguwa ta isa ta kashe rigima. Su kam abin da suka gani a shekarun 1970 rikicewa ce: a 1972 an sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama, a ranar 1 ga Janairun 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, sannan ƙarin albashin Udoji na 1974 ya zuba kuɗi a hannun ma'aikata, farashin kaya ya tashi, samari suka cika gari da babura da rediyo mai kaset. Har yau akwai tsofaffin da suke ƙirga kuɗi da fam, suna ce wa naira biyu fam guda, kuma wannan ɗabi'a kaɗai ta isa ta nuna inda zuciyarsu ta tsaya.

Samarin da aka yi wa faɗa saboda babur da wando mai faɗin ƙafa su ne dattawan yau, kuma a bakinsu shekarun 1970 da farkon 1980 su ne zamanin albarka. Sukan ba da labarin Samaru da Kongo, harabobin Jami'ar Ahmadu Bello, lokacin da ɗalibi yake cin abinci a ɗakin cin abinci na jami'a da kuɗi kaɗan, da lokacin da mai digiri yake samun aiki kafin ya gama hidimar ƙasa, da tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari tana cike da fasinjojin Kano da Gusau da Ƙaurar Namoda, da kamfanin taba da injin gurzar auduga suna ɗaukar ma'aikata. A lissafinsu lalacewa ta fara ne da tsuke bakin aljihun 1982, ta yi tsanani da shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, lokacin da darajar naira ta fara zubewa.

To, amma wanda aka haifa a wajen 1980 bai san wancan jin daɗi ba balle ya yi begensa. Shi shekarun 1990 ne zamanin da, duk da cewa iyayensa suna tuna su da dogon layin man fetur, da yajin aikin malaman jami'a, da albashin da ba ya kai rabin wata. Abin da ya rage a zuciyarsa shi ne zuwa shagon hayar kaset ɗin bidiyo, da taruwar yaran unguwa a gidan da ke da talabijin, da rubuta wasiƙa zuwa filin zaɓi sonka a Rediyon Kaduna a zauna ana jiran a ji suna, da langa da tashe a watan azumi. Ƙannensa kuma, waɗanda suka buɗe ido bayan zuwan wayar salula a 2001, sun riga sun fara nasu begen: ƙaramar Nokia mai riƙe caji kwana da kwanaki, da hira a manhajar 2go cikin dare, da litar mai a naira 65 a zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Abin dariya a nan shi ne wayar da aka ce ta zo ta kashe zumunci ita ce yanzu ake tunawa a matsayin alamar lokacin da zumunci yake da rai.

Masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa idan aka tambayi manya su ba da labarin rayuwarsu, mafi yawan abin da suke tunawa da kyau yana faɗawa ne tsakanin shekara goma zuwa talatin na haihuwarsu. A wannan tsakani ne mutum yake yin abubuwa da yawa karo na farko, makarantar kwana, da tafiya shi kaɗai, da neman aure, da albashin farko, kuma a nan ne kunnensa yake sabawa da irin kiɗan da zai riƙa auna sauran kiɗa da shi har tsufa, ko kalangu ne ko fiyano. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan sauƙin ganewa, wanda ba sai an je Samaru an tambayi malami ba. Yaro ba ya biyan kuɗin haya, ba ya sayen buhun masara, iyayensa suna raye, gwiwarsa ba ta ciwo. Idan ya girma ya ce a da abinci yana da araha, gaskiya ya faɗa ta fuskar lamba, sai dai ya tuna farashin mudu ne bai tuna abin da mahaifinsa yake samu a wata ba, domin ba a taɓa gaya masa ba.

Bege kuma yana da rariya. Masu yabon zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da sarakuna suke jagoranta, ba kasafai suke ambaton haraji da jangali ba, waɗanda talaka ya riƙa gudu daji saboda su har sai da gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a Jihar Kaduna a 1979, kuma ba sa ambaton agana, wadda ta bar zane a fuskokin mutane da yawa kafin a sanar da kawar da ita daga duniya a 1980. Masu yabon shekarun 1970 sukan tsallake farin da ya addabi Arewa a 1973, da kuma ɗaliban da aka kashe a Samaru a watan Afrilun 1978 a zanga-zangar da ta tashi kan ƙarin kuɗin abinci, wato kan ainihin abincin nan mai araha da ake ba da labari. Duk da haka, a ganina kuskure ne a ce begen zamanin da ruɗu ne kawai. Wanda ya ce an rasa jirgin ƙasa na yau da kullum, an rasa masana'antu, naira ta rasa daraja, kuma a da ana bin hanyar Birnin Gwari ba tare da fargabar masu garkuwa da mutane ba, ba mafarki yake yi ba. Aikin mai sauraro shi ne ya rarrabe asarar da za a iya nunawa da yatsa daga asarar ƙuruciya, wadda babu gwamnatin da ta jawo ta.

Idan masu wani zamani suka ƙare, begensa yakan sauya kama. Babu wanda ya rage yana kewar ranar da layin dogo ya isa Kano a 1911, saboda haka wannan ya zama tarihi, ana karanta shi ba tare da ƙwalla ba. Zamanin Sardauna yana kan wannan hanya, domin wanda yake da shekara ashirin a 1960 ya haura tamanin yanzu, kuma fiye da rabin mutanen Najeriya ba su kai shekara ashirin da biyar ba. Abin da ake gani a Facebook, inda matasa suke yaɗa hotunan Kwalejin Barewa ko na hawan sallar Zazzau marasa launi suna rubuta "lokacin da ƙasa take ƙasa", begen aro ne, wanda aka gada daga bakin kakanni, kuma yakan fi na masu zamanin tsafta domin babu wata wahala da aka sha a cikinsa.

A 'yan shekarun nan kuma tazarar da ke tsakanin yau da "da" ta ragu ƙwarai. Can baya sai an yi shekara ashirin ko talatin kafin a ɗaga wani lokaci zuwa matsayin zamanin da, amma tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, direban Keke Napep a Kwangila yana iya cewa "a da" alhali shekarar 2022 yake nufi, shekarar da shi kansa ya yi ta kuka da tsadarta yana begen lokacin da lita take naira 87 a 2015.