Sakamakon gwajin matarka ba naka ba ne

Maza da yawa sun ɗauka cewa idan aka yi wa mai ciki gwajin ƙanjamau a wajen awo aka ce ba ta ɗauke da ƙwayar, to maigida ma ya tsira. Wannan kuskure ne, kuma jariri ne yake kwana a ciki.

Ma'aurata kan yi shekaru tare, ɗaya na da ƙwayar HIV mai jawo ƙanjamau ɗaya ba shi da ita, domin ba kowace saduwa ce ke jawo kamuwa ba. Idan mijin ne ke da ita bai sani ba, matar na iya kamuwa bayan awon farko ko lokacin shayarwa. Nan haɗarin ya fi tsanani, don a makonnin farko bayan kamuwa ƙwayar tana yawa ƙwarai a jini, sai ta fi saurin kaiwa ga jariri. Ga shi gwaji kan iya ɗaukar wata 3 kafin ya gano sabon kamu, shi ya sa ake maimaita shi a ƙarshen ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in babu magani, kashi 15 zuwa 45 cikin 100 na jariran iyaye mata masu ƙwayar kan kamu. Da magani kuwa, adadin yakan sauka ƙasa da kashi 5. Maigida, ka raka ta awo, a gwada ku tare.