Waiwaye: Yadda garkuwa da bayanan kwamfuta ta zama sana'a

A watan Disambar 1989, wani masanin halittu ɗan Amurka mai suna Joseph Popp ya aika faifan kwamfuta kusan 20,000 ta gidan waya zuwa ga likitoci da masu bincike kan cutar ƙanjamau. Duk wanda ya saka faifan, da zarar ya kunna kwamfutarsa sau 90, sai ta ɓoye masa fayilolinsa, ta ce ya aika dala 189 zuwa wani akwatin gidan waya a Panama kafin a buɗe masa. Nan aka fara ganin manhajar neman fansa. Ba a daɗe ba aka kama Popp aka kai shi Ingila, sai dai kotu ta ce hankalinsa bai kai ya fuskanci shari'a ba.

A wancan zamanin wajen karɓar kuɗi ake kama ɓarawo, shi ya sa harkar ta yi shekara ashirin ba ta yi wani armashi ba. Fitowar Bitcoin, wato kuɗin intanet da ake kira kirifto, a 2009 ce ta sauya lissafi, domin an samu hanyar karɓar kuɗi daga ko'ina ba tare da banki ya tambayi suna ba. A 2013 manhajar CryptoLocker ta haɗa wannan hanya da makulli mai ƙarfin da ba ya ɓalluwa. Tana shigowa ta imel mai kama da takardar kamfanin aika kaya, mutum ya latsa, shi ke nan. A 2014 hukumomin ƙasashe da dama suka rushe rumbunan kwamfutocin da take aiki da su, Amurka ta ambaci sunan jagoran, Evgeniy Bogachev, daga baya FBI ta sa ladan dala miliyan 3 a kansa. Yana Rasha, ba a taɓa gurfanar da shi ba.

Ranar 12 ga Mayun 2017 duniya ta ga wata sabuwa. WannaCry ba ta jiran kowa ya latsa komai, da kanta take tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta wata kafa a Windows. Hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ce ta ƙera makamin shiga ta wannan kafa, aka sace shi aka watsa a intanet. Microsoft ya fitar da gyara tun watan Maris, amma ɗimbin ma'aikatu ba su saka ba. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe 150, kuma a Ingila asibitocin gwamnati suka soke ganin likita kusan 19,000. Amurka da Birtaniya sun ɗora laifin kan Koriya ta Arewa. A nan ma akwai sunan wanda ake tuhuma, Park Jin Hyok, amma wa zai shiga Pyongyang, babban birnin ƙasar, ya ɗauko shi?

Daga nan harkar ta zama kamfani sosai. Wasu aikinsu rubuta manhajar su ba da ita haya, wasu su saci kalmomin sirri su sayar, wasu su yi kutsen, wasu su yi ciniki da wanda aka kama, wasu kuma su wanke kuɗin. Wanda ya san yadda masu garkuwa da mutane ke raba aiki tsakanin mai ba da rahoto, mai ɗauka da mai karɓar fansa ba zai yi mamakin tsarin ba. Tun 2019 kuma suka ƙara wata mugunta: kafin su kulle bayanai sai su kwafe, ta yadda ko kana da ajiyar kwafi za su yi barazanar tona asirin majinyata ko abokan cinikinka.

Ƙofofin da suke bi ba su da wani sarƙaƙiya, abin da ya fi ciwo ke nan. Kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline, wanda tsayawarsa a Mayun 2021 ta jawo layin mai a gabashin Amurka, ta wani tsohon asusu aka shige shi, kalmar sirri ɗaya ba tare da mataki na biyu na tantancewa ba. Ya biya kusan dala miliyan 4.4. A watan Yulin shekarar aka durƙusar da tashoshin jiragen ruwan kamfanin Transnet a Afirka ta Kudu. Ƙananan mutane kuwa, irin masu shagon buga takardu da ɗalibai, galibi ta manhajar sata da suka sauke kyauta take kama su, kuma labarinsu ba ya shiga jarida.

To me ya hana a hukunta su? Mutane na ɗauka ba a san su ba ne, alhali manyan cikinsu an san sunansu da hotonsu. A Fabrairun 2024 'yan sandan Birtaniya da Amurka suka ƙwace shafukan ƙungiyar masu neman fansa ta LockBit, a watan Mayu suka bayyana cewa Dmitry Khoroshev, ɗan Rasha, ne shugabanta, da ladan dala miliyan 10. Amma kundin tsarin mulkin Rasha ya hana miƙa ɗan ƙasa ga wata ƙasa, kuma Rasha ba ta cikin yarjejeniyar Budapest kan laifukan intanet, wadda Najeriya ta shiga a 2022. Su ma ɓarayin sun san iyakarsu. Da yawa daga manhajojinsu kan duba harshen kwamfuta, in suka tarar da Rashanci sai su janye, don kada su taɓo na gida. A Janairun 2022 Rasha ta kama mutum 14 na ƙungiyar REvil bisa buƙatar Amurka, wata guda bayan haka yaƙin Yukren ya ɓarke, haɗin kan ya mutu.

Waɗanda ke shiga hannu su ne masu gangancin ƙetare iyaka. Yaroslav Vasinskyi, ɗan Yukren da ke da hannu a harin da aka kai wa kamfanin manhaja na Kaseya, a Poland aka kama shi a 2021, kotun Amurka ta ɗaure shi fiye da shekara 13. Irinsa 'yan kaɗan ne, kuma ko an rushe ƙungiya, mutanenta kan sake suna su koma aiki.

Akwai kuma shirun waɗanda aka cuta. Kamfani yakan gwammace ya biya a ɓoye da sunansa ya ɓaci, don haka masu bincike ba sa samun shaidar da za su bi. Ba na ganin laifin shugaban asibitin da ya biya don ceton majinyata, amma kuɗinsa ne jarin harin gobe. Kamfanin Chainalysis mai bin sawun kuɗin kirifto ya ƙiyasta cewa fansar da aka biya a 2023 ta haura dala biliyan 1, ta sauko zuwa kusan miliyan 800 a 2024 bayan rushe LockBit da ƙaruwar masu ƙin biya.