Enzayim ɗin funfuna masu jure zafi da aikinsu wajen haɗa firibayotik

Enzayim wani sinadari ne na furotin da halittu masu rai ke fitarwa domin gaggauta narkar da abu ko sauya shi. Yawancinsu kan lalace da zarar zafi ya yi yawa. Amma akwai wani ɗan rukuni na funfuna da ke rayuwa a cikin tulin taki, ko jibgin ciyawa mai danshi, ko hatsin da aka tara bai gama bushewa ba, kuma enzayim ɗinsu na ci gaba da aiki a zafin da zai kashe na sauran. Duk manomin da ya taɓa tone juji a Daura ko Mashi kafin kai taki gona ya ga tururin da ke tashi daga cikinsa. Cikin wannan ɗumi ne gidansu.

Tarihi da ire-irensu

A 1899 aka fara bayyana funfunar da yanzu ake kira Thermomyces lanuginosus. Masanin tsirrai na Jamus Hugo Miehe ya yi nazarin yadda tulin ciyawa ke ɗaukar zafi da kansa, kuma da sunansa aka laƙaba wa Rhizomucor miehei, wadda ake amfani da enzayim ɗinta wajen daskarar da madara a yi cuku. A 1964 masana Cooney da Emerson suka gindaya ma'aunin da ake bi har yau: funfuna mai son zafi ita ce wadda ke iya girma a digiri 50 na ma'aunin Salsiyas ko sama da haka, ba ta kuma girma idan zafi ya gaza 20. Iyakarsu wajen digiri 60 zuwa 62 ne.

Firibayotik

Masana Glenn Gibson da Marcel Roberfroid ne suka fito da sunan firibayotik a 1995. Ana nufin wani ɓangare na abinci da cikin mutum ba ya iya narkarwa, sai ya wuce har babban hanji, inda bakteriya masu amfani irin su Bifidobacterium ke cinye shi, su hayayyafa, su kuma fitar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanji. Ya bambanta da furobayotik, wato su bakteriyar masu rai da kansu, irin waɗanda ake samu a kindirmo.

Yadda ake haɗawa

Firibayotik ɗin da ya fi dacewa da ƙasarmu shi ne wanda ake samu daga zailan, wani dogon zaren sukari da ke cikin totuwar masara, da karan dawa, da dusa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na totuwa zailan ne. Ana niƙa ta, a jiƙa da ruwan soda irin wadda ake yin sabulu da ita, ko a turara ta da tururi mai ƙarfi, domin zailan ya saki. Daga nan sai a zuba enzayim mai suna zailanes, ya daddatse zaren zuwa guntaye masu ƙwayar sukari 2 zuwa 10. Waɗannan guntaye su ne firibayotik ɗin da ake kira XOS, kuma giram ɗaya zuwa biyu a rana na iya ƙara yawan Bifidobacterium a hanji.

A nan ne juriyar zafi ke nuna amfaninta. Zailanes na Thermomyces lanuginosus ya fi ƙarfi a tsakanin digiri 60 zuwa 70. A wannan zafi ruwan haɗin ba ya kauri, zailan ya fi narkewa, aiki ya fi sauri, sannan ƙwayoyin cutar da za su gurɓata tukunya ba sa samun sukuni. Masana'anta ba ta kuma buƙatar sanyaya ruwan sosai bayan turarawa, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne a wurin da wutar lantarki ke da tsada. Wata falala ta wannan funfuna ita ce kusan ba ta fitar da enzayim mai narkar da selulos, wani zaren da ke cikin totuwa wanda idan ya narke yake komawa sukarin gulukos, don haka gulukos ba ya cakuɗuwa da abin da ake nema. Abin da ake kiyayewa shi ne kada datsar ta zarce, domin idan zaren ya wargaje har ƙwaya ɗaiɗai, ya koma sukarin zailos, ya daina zama abincin bakteriyar hanji ta wannan fuska.

Akwai kuma wasu nau'o'in firibayotik, wato FOS da ake yi daga sukarin rake da enzayim ɗin Aspergillus niger, da GOS daga sukarin madara da na Aspergillus oryzae, sai dai waɗannan funfuna biyu ba masu son zafi ba ne.

Dangantakarsa da Katsina

Ƙasar Sin na sarrafa totuwar masara ta zama XOS a manyan masana'antu, ana sa shi a yogot da abincin kaji. A yankin Funtuwa, Bakori da Ɗandume, inda masara ke yi sosai, totuwa galibi makamashi ce a murhu, wata kuma ta ruɓe a masussuka. Kayan aikin dai ga shi jibge, ita ma funfunar tana cikin jujinmu. Wannan fage ne da ya cancanci ɗaliban nazarin ƙananan halittu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma su ba shi muhimmanci, musamman wajen tace XOS ya kai matsayin da za a ci, wanda shi ne mataki mafi tsada a duk aikin.