Abin da kulle zai iya, da abin da sai allura

A lokacin annobar korona (COVID-19) ƙasashe da dama sun yi kulle, wato hana jama'a fita, kafin a samu allurar rigakafi. Kulle ba ya kashe ƙwayar cuta. Amfaninsa shi ne rage cuɗanya, don kada marasa lafiya su yi wa asibiti ca lokaci guda, gadaje da iskar oksijin su ƙare. Ranar 23 ga Janairun 2020 Sin ta rufe birnin Wuhan mai mutum kusan miliyan 11, ba shiga ba fita har kwana 76. Italiya ta rufe ƙasar baki ɗaya a watan Maris, bayan asibitocin yankin Lombardi sun cika maƙil. Indiya ma ta rufe ranar 24 ga Maris, amma awa huɗu kacal aka ba jama'a su shirya. Jiragen ƙasa suka tsaya, 'yan ci-rani suka ɗora kaya a ka, suka kama hanyar ƙauyukansu a ƙafa. Mai neman na yau, in aka ce ya zauna gida ba a tanadar masa abinci ba, ai fita zai yi. Suwidin kuwa ba ta yi cikakken kulle ba, sai dai ta hana taron da ya wuce mutum 50, ta kuma yi asarar tsofaffi da yawa a gidajen kula da su.

Inda aka fi ganin bambanci shi ne ranar buɗewa. New Zealand ta rufe iyakokinta tun Maris 2020, ba ta sassauta sosai ba sai da mafi yawan manya suka karɓi allura biyu. Hong Kong ma ta tsare ƙofa, amma tsofaffinta da dama ba su yi allurar ba, da nau'in Omikron ya shiga a farkon 2022 su ya fi ɗauka. Shi ya sa ake fara allura da ma'aikatan lafiya, tsofaffi, da masu ciwon suga ko hawan jini.

Ita allurar ma tana da nata sharuɗɗa. Ta kamfanin Pfizer da Ingila ta fara yi ranar 8 ga Disamban 2020, a lokacin tana buƙatar a adana ta a sanyin kusan digiri 70 ƙasa da sifili. Ta kamfanin AstraZeneca, wadda ta iso Gana ranar 24 ga Fabrairun 2021 da Najeriya ranar 2 ga Maris ta shirin COVAX na raba wa ƙasashe allurar korona, firijin asibiti ya ishe ta, digiri 2 zuwa 8. In ta daskare, ta lalace. Kwalba ɗaya ta mutum goma ce, kuma da zarar an huda ta, bayan awa shida sai a zubar da ragowar. Don haka a lokacin, in ma'aikaci ya ce a ɗan jira mutane su taru, ba wulaƙanci ba ne. A Disamban 2021 Najeriya ta lalata allurai sama da miliyan ɗaya, domin sun iso ƙasar ne wa'adinsu na dab da ƙarewa.

Bayan allura, ciwon dantse ko ɗan zazzaɓin kwana ɗaya zuwa biyu ba abin tsoro ba ne. Jiki yana ɗaukar kusan mako biyu kafin garkuwa ta kankama. Ku adana katinku, a jikinsa ake rubuta ranar dawowa in akwai allura ta gaba.