Yadda mota ke gaya wa 'yar'uwarta akwai haɗari a gaba

Wai me ake nufi da motoci su gargaɗi juna?

Ka san yadda yaron mota yake karyo ganye ya jera a kan kwalta idan tirela ta mutu a kwana? To, aikin ganyen nan ne aka ɗora wa rediyo. Da zarar mota ta taka birki da ƙarfi, ko tayarta ta zame, sai na'urar cikinta ta yi shela ga motocin kusa: ga inda nake, ga abin da ya same ni. Direban baya sai ya ga alama a allonsa tun idonsa bai kai wurin ba, ko da hazo ya rufe hanya.

Sai da data ke nan?

Ba dole ba. Motoci na iya magana kai tsaye a kan zangon rediyo na gigahaz 5.9, ba ruwansu da turken waya, saƙon kuma yakan kai kimanin mita 300. Da irin wannan Volkswagen ta fito da Golf 8 a 2019. Ita kuwa Volvo ta intanet take aika gargaɗin santsi.

Idan haɗarin ya fi mita 300 nisa fa?

Nan ne gizo ke saƙa. Dole wata mota ta karɓa ta miƙa baya. Amma a cunkoso, in mota ɗari suka ji suka maimaita a tare, saƙonnin karo za su yi, kamar kowa ya ɗaga murya a tasha, ba mai jin wani. Dabarar da masu bincike suka fi so ita ce kowace mota ta ɗan dakata: wadda ta fi nisa da mai shelar ita ke da mafi ƙarancin jira, sai ta riga kowa. Sauran da sun ji ta maimaita, sai su yi shiru. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. A ganina nan ne ran mutum yake rataye, domin mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa.

Wani ba zai aika gargaɗin ƙarya ba?

Kowane saƙo na ɗauke da sa hannun sirri da ake tantancewa, ana kuma yawan sauya shaidar motar don kada a bi sawun mai ita.

To me ya hana abin yaɗuwa?

Jan ƙafa da rarrabuwar kai, kuma abin yana min ciwo. Tun 1999 Amurka ta ware faɗin megahaz 75 a zangon rediyon nan domin wannan aiki, kamfanoni ba su yi hoɓɓasa ba. A 2020 hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta zare 45 daga ciki ta ba Wi-Fi. Ga kuma tsari biyu da ba sa jin yaren juna, ɗaya ɗan gidan Wi-Fi, ɗaya na fasahar wayar salula. Motar da ke shela a hanyar da babu mai irin na'urarta, ita kaɗai take jin kanta.