Rumbun bayanai mai alaƙa: daga littafin bashi zuwa SQL

Mene ne ake nufi da rumbun bayanai mai alaƙa?

Ɗauki ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a sari a Kantin Kwari. Yana da littafin masu karɓar kaya bashi, da na kayan da ke sito, da na cinikin kullum. Rumbun bayanai mai alaƙa littattafan nan ne aka zuba a kwamfuta, kowanne ya zama jadawali mai layuka da gurabe, aka kuma ɗaure su da juna ta hanyar lambobi. A jadawalin ciniki ba a sake rubuta sunan mai saye da garinsu da lambar wayarsa. Lambarsa kawai ake sawa, a ce 42, ita ce za ta kai ka layinsa a jadawalin abokan ciniki.

Ai Excel ma jadawali ne. Me ya rage masa?

Ga mai ƙaramin shago wanda shi kaɗai ke riƙe da lissafinsa, Excel ya wadatar. Rigimar tana farawa ne idan aka riƙa maimaita abu ɗaya a wurare da yawa. Wani abokin ciniki daga Maraɗi ya sayi kaya sau talatin, kuma duk zuwan da ya yi an rubuta lambar wayarsa. Ranar da ya canza layi, sai yaron shago ya gyara wuri ashirin da takwas ya tsallake biyu. Bayan wata shida a tashi neman bashi, ga lambobi biyu, ba wanda ya san ta gaskiya. A rumbun da aka tsara da kyau, lambar wayar wuri ɗaya take, gyara ɗaya ya isa. Wannan shi ne gishirin aikin baki ɗaya: kowace gaskiya a rubuta ta sau ɗaya, a wuri ɗaya. Ban da haka, shafin Excel yana tsayawa a layi 1,048,576, amma a ganina yawancin mutane tun kafin su kai dubu biyar lissafin ya riga ya rikice.

Me ya sa sai an ba kowa lamba? Suna bai isa ba?

Shago nawa ne a Kano ba su da Alhaji Musa uku a littafinsu? Sannan mutum ɗaya yau an rubuta shi Muhammad, gobe Mohammed, jibi Mamman, ita kuwa kwamfuta mutum uku take gani. Shi ya sa kowane layi ake ba shi lambar shaida wadda ba ta canzawa, ba kuma wanda zai sake samun irinta. Lambar waya ba ta dace da wannan aikin ba, domin ana canza ta, wani lokaci ma miji da mata layi ɗaya suke amfani da shi.

Idan aka sa lambar a wani jadawalin don nuni, manhajar da ke riƙe da rumbun tana iya zama mai gadi: ba za ta yarda a rubuta ciniki da sunan mai lamba 900 ba alhali babu shi, ba kuma za ta bari a goge mutumin da har yanzu akwai cinikinsa a rubuce ba.

Tun da an ambaci waya: a ajiye ta a matsayin rubutu, ba adadi ba. Lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce mai farawa da sifili, in ka ce adadi ne sifilin ya tafi. Kuɗi kuma a ajiye su da nau'in adadin da ba ya kintace, ko a mayar da su kwabo gaba ɗaya.

Wa ya fito da wannan tsari?

Edgar Codd, masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki da kamfanin kwamfuta na IBM a San Jose ta Amurka, shi ya wallafa tsarin a 1970, ya kuma samu lambar yabo ta Turing a 1981. Donald Chamberlin da Raymond Boyce, su ma a IBM, suka fito da harshen da ya zama SQL a 1974. Kamfanin da ya koma Oracle ya kai tasa manhajar rumbun mai amfani da SQL kasuwa a 1979.

Shi SQL ɗin yaya yake?

Harshe ne na yi wa rumbun tambaya. Kai dai ka faɗi abin da kake so, manhajar ce za ta nemi hanyar da za ta bi. Misali:

SELECT suna FROM abokan_ciniki WHERE gari = 'Maradi';

Wato kawo sunayen duk abokan cinikin da ke Maraɗi. Idan layuka suka yi yawa bincike ya fara jan ƙafa, sai a yi wa gurbin fihirisa, irin na bayan littafi. Kada dai a yi wa kowane gurbi, don duk sabon rubutu sai an sabunta fihirisar ma.

Idan aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki fa?

An yi tanadi. Sayar da turmi goma aiki biyu ne: a rage goma daga sito, a ƙara kuɗinsu a bashin mai saye. Rumbun yana ɗaure su wuri ɗaya, ko duka su tabbata ko a koma yadda ake tun farko. Wani zai ce to me ya sa ake cire masa kuɗi a POS ba su isa ba? Domin can rumbuna daban-daban ne na bankuna da kamfanonin da ke tsakaninsu, ɗaure su kuwa ya fi wuya, shi ya sa ake jiran a dawo da kuɗin. Wannan tanadi kuma bai hana a sace kwamfuta ko gobara ta ci ta ba, sai an riƙa ajiye kwafi a wani wurin.

Da wace manhaja zan fara?

Da biro da takarda. Zana abubuwan da kake son riƙewa, ka ja layi tsakanin waɗanda suka shafi juna. Za ka tarar ciniki ɗaya yana ɗauke da kaya iri-iri, kaya ɗaya kuma yana fitowa a ciniki da yawa, to nan ana bukatar jadawali na tsakiya mai lambar ciniki, lambar kaya, yawa, da farashin ranar, tunda farashin shadda na bara ba shi ne na bana ba.

Bayan nan sai SQLite, wadda Richard Hipp ya fitar a 2000. Kyauta ce, fayil ɗaya ce, kuma tana cikin wayar Android ɗin da ke hannunka. In aiki ya girma har mutane da yawa na shigar da bayanai lokaci ɗaya, a koma PostgreSQL ko MySQL, su ma ba a biyan ko sisi.