Listeria da mai ciki: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Mece ce Listeria?

Ƙwayar bakteriya ce da ke shiga jiki ta abinci. Mai ƙoshin lafiya, yawanci iyakarta gudawa ko zazzaɓin kwana biyu. Waɗanda take kayarwa su ne mai ciki, jariri, tsoho, mai HIV da mai shan maganin ciwon daji.

Ai abincina a firji yake.

Firji ba ya kashe ta, hayayyafa ma take yi a sanyin digiri 4. A Afirka ta Kudu, daga 2017 zuwa 2018, naman polony (niƙaƙƙen naman kamfani mai kama da sosej) da ake ci da sanyinsa ya kwantar da mutum sama da 1,000, fiye da 200 suka rasu, jarirai da yawa a ciki. Ki ɗumama abincin kwana sai ya yi tururi har tsakiya.

Zazzaɓi nake yi, ba maleriya ba ce?

Wa ya gwada ki? Ku daina zuwa kemis kuna sayen magani da ka. Idan an gwada ba maleriya, zazzaɓin kuma bai sauka ba, ki koma asibiti ranar, ki faɗa musu abin da kika ci, ko da wata guda baya ne. Uwa tana iya jin ciwon jiki kawai, alhali ƙwayar ta ratsa mabiyiya. Daga nan sai ɓari, ko naƙuda kafin lokaci.

To, in daina shan fura da nono?

Ya danganta. Abin tambaya shi ne ko an tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Masu kindirmo da dama suna tafasawa, wasu nonon kuwa ɗanyar madara ce aka bari ta yi tsami. Tsamin yana rage wa ƙwayar ƙarfi, amma ba tabbas ya gama da ita, ga kuma tarin fuka na shanu da ke bin ɗanyar madara. Ko an tafasa ma, akwai ruwan da aka ƙara, da ƙanƙarar da aka jefa, da ƙwaryar da ta wuni a rana ana tsoma ludayi. Idan kin san mai nonon, kin san tana tafasawa, haɗarin kaɗan ne. Idan ba ki sani ba, ki sayi madara ki tafasa da kanki, ta huce, ki zuba ɗan yogot na kamfani ta kwana a rufe. Wadda ta riga ta sha kada ta tayar da hankalinta, yawanci ba abin da ke faruwa. Zazzaɓi kawai za ta sa wa ido.

An yi min allurar ceftriaxone, shi ke nan?

A'a. Ba ta kama Listeria. Ampicillin ta jijiya ake bayarwa, a gadon asibiti.

Jaririn fa?

Ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, numfashi ya kai 60 a minti, ko yana jijjiga: asibiti nan take, ko tsakar dare ne. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ce sai an yi suna.